Shekarar da Na Kira Ta Durun da Sunanta

Da sunan Allah nake ci gaba, wanda ya ba ni harshe, ya karɓe shi na ɗan lokaci, ya kuma maido mini da abina. Wannan babin ku na rubuta wa, ku ƙannen Ta Durun da 'ya'yanku, domin na ji abin da kuke faɗa a bayan idona. Kun ɗauka kunnena ya shanye tare da ɓarin jikina, to bai shanye ba. Wasunku na cewa yayarku ta mai da ni zakaran gwajin dafi, ta jona mini wayoyi a ka don ta yi suna a ƙasashen waje. Wasu kuma na cewa kuka ta sa mini har na yi abin da mace mai kunya ba ta yi. Duka biyun ba haka aka yi ba. Ni ce mai kan da aka jona wa wayoyin, don haka ku gyara zama ku ji daga bakina.

Wanda bai san ni a da ba, to ya sani ni mace ce mai baki. Na koyar da 'yan firamare a Gwarzo da Kabo har na yi ritaya, ban taɓa buƙatar bulala ba, bakina ya ishe su. Mahaifinku Malam kuwa, in ka cire karatun da yake ba ɗalibansa a zaure, to sai an yi baƙi ake jin muryarsa. Mutanen garinmu Garo sukan ce Allah ya raba maganar gidanmu kashi biyu, ni kuma na haɗa na kwashe. Amma duk surutun nan nawa akwai kalma ɗaya da ba ta taɓa fita daga bakina ba, wato sunan 'yata ta fari. Ku 'yan yanzu kuna rungumar ɗan fari a gaban surukai kuna kwaɗa masa kira kamar abokin wasa. Mu a gidanmu ba a yi. Uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a idon mutane, ko faɗuwa ya yi sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Ga shi kuma sunan mahaifiyar Malam aka sa mata, kunya ta zama biyu. Da aka yaye ta sai mahaifiyata ta ɗauke ta zuwa Durun, can ta girma, shi ya sa nake ce mata Ta Durun. Ita kuma Malama take ce mini, kamar sauran ɗalibaina. Kada wani ya ɗauka rashin so ne. Na so yarinyar nan fiye da yadda zan iya faɗa. Ranar da aka kawo labarin ta ci jarrabawar shiga jami'a, ɗaki na shiga na turo ƙofa na yi rawata ni kaɗai, sannan na fito na ce wa masu albishir Allah ya sa albarka, na ci gaba da wanke-wankena.

Karatun ya ja ta har ƙasar waje, ta dawo tana koyarwa a wata jami'a a Kano. Ba likitar da ke rubuta magani ba ce, ko da yake duk Garo Likita suke ce mata, har masu ciwon haƙori suna biyo ta gida. Aikinta shi ne gano yadda sassan ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo, wace hanya saƙon ke bi daga ido zuwa inda ake ajiyar sunayen abubuwa, daga can kuma zuwa harshe. In ta zo hutu takan zauna tana yi wa Malam bayani a tsakar gida, ni ina gefe ina tankaɗe kamar ban damu ba, alhali ba abin da ya wuce ni.

Shekarar da nake ba ku labari, da damina ne, gero ya fara ciki. Ina tsaye ina zazzaga wa akuyar maƙwabta faɗa don ta cinye mini zogale, sai na ji maganar ta tsinke a tsakiya, ludayin da ke hannuna ya faɗi, ni ma na bi shi. A asibiti a Gwarzo na farfaɗo. Aka ce hawan jini ne ya shanye mini ɓarin dama. Hannu da ƙafa ba su dame ni ba kamar baki. Ina jin duk abin da ake faɗa, ina ganewa, amsa tana nan a raina a shirye, amma in na buɗe baki abu ɗaya ne ke fitowa, to madalla. In an tambaye ni ina ke ciwo, to madalla. In an kawo abinci ba gishiri, to madalla. Bayan mun koma gida, yayata Tabawa ta zo daga Durun tana kuka, ta zauna a bakin gadona.

"Ga ki a kwance, ga saniyata mai ciki ta mutu jiya. Ni wannan shekara ban san me na yi mata ba."

"To madalla," in ji ni.

Ta tsaya da kukan ta zuba mini ido.

"Madalla? Saniyar tawa?"

"To madalla."

Yanzu muna dariya, amma a lokacin hawaye ne suka zubo mini. Ban taɓa shiga baƙin ciki irin na watannin nan ba. Mace irina, a ce yara na ɓarna a gabanta, a ce ana dafa miya ba daidai ba a gidanta, ba ta da ikon cewa komai sai godiya.

Wata rana da magariba, an jingina ni da bango na yi taimama na tayar da salla a zaune. Na saba a zuci nake yin karatun tun da abin ya same ni. Ran nan sai na ji Fatiha tana fita daga bakina da kanta, tiryan-tiryan, ba inda ta yi tuntuɓe. Na ɗora ƙaramar sura, ita ma ta fita. Da na sallame sai na ga Malam tsaye a ƙofar ɗaki da buta a hannu, ruwan na zuba a kan takalminsa bai sani ba.

"Ke, ashe kin samu baki? Faɗa mini, yaya jikin?"

"To madalla."

Kafin gari ya waye labari ya karaɗe Garo. Masu cewa karama ce suna yi, Yaya Tabawa kuma ta ce aljani ne ya kama mini harshe, amma dai musulmi ne tunda yana sakin sa lokacin salla. Malam bai bi ta kansu ba. Waya ya buga wa Ta Durun, ya kara mini a baki, ya ja mini farkon sura, na ƙarasa. Daga can na ji ta ce:

"Baba, don Allah kada a bar ta ta daina. Ina nan tafe."

Ta zo da akwatuna da kwamfuta, ta shimfiɗa tabarma a gaban gadona, ta zauna tana kallon Malam, domin ni da ita ba mu saba haɗa ido ba. Da shi take magana, amma ni ake gaya wa.

"Baba, kun san in ruwa ya cinye gadar da ke kan hanyar Kabo, ba a fasa cin kasuwa. Mutane zagayawa suke yi ta Gammo, ta cikin gonaki. Da farko 'yar siririyar hanya ce, amma in ƙafa ta yi ta bi sai ta buɗe har amalanke ta wuce. To babbar hanyar maganar Malama ce ta yanke, a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa. Amma abin da mutum ya haddace da murya mai hawa da sauka, kamar karatu ko waƙa, yana da wata hanyar daban da yake bi. Ita ce ba ta yanke ba. Abin da na daɗe ina so in gwada shi ne, ko za a iya koya wa maganar yau da kullum ta bi ta wannan zagayen. Ina da na'urar da za ta nuna mana ko hanyar na buɗewa. Amma sai in Malama ta yarda, kuma in ba ta yarda ba, ba abin da zai ragu tsakanina da ita."

Malam ya juyo ya dube ni. Na gyaɗa kai da hankalina, har sau biyu don kada a ce kuskure ne. Wannan shi ne amsar masu zancen zakaran gwajin dafi.

Na'urar wata hula ce ta roba, an jera mata 'yan maɓallai, kowanne da wayarsa, kuma dole su taɓa fatar kai. Ni kuwa ina da kitso. Na ɗauka za a kira mai kitson unguwa ta tsefe mini, sai na ga Ta Durun ta zagayo bayana da tsinke, ta ce, "Malama, zan cire ɗankwalin." Tun da aka yaye ta hannunta bai taɓa jikina ba, ban da gaisuwa daga nesa. Na juya fuskata bango. Ta dinga tsefewa a hankali, tana bin kowace tsaga. Da ta ga furfurar da ke ƙasan lallen sai ta yi 'yar dariya ta ce ashe Malama ma ta tsufa. Da ina da baki da na gaya mata wanda ya sa mini furfurar. Daɗin da na ji ran nan ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu. Har na riƙa fata na'urar ta ƙi aiki don a sake gyara mini gashin.

A kan kwamfutar wasu layuka ne ke gudu suna karkarwa. In na yi ƙoƙarin cewa ruwa, sai su hargitse. In na ja Fatiha, sai su daidaita, wani gefen ya riƙa amsa wa wani. Nan Ta Durun ta kawo shawarar a riƙa ɗora kalmomin gida a kan muryar karatu. Malam, wanda bai taɓa musa mata komai ba, ya ɗaga hannu.

"A'a, Likita. Alƙur'ani ya buɗe ƙofa, mun gode wa Allah, kuma za ta ci gaba da karanta shi don ibada. Amma ba za a ɗora ba ni ruwa a kan muryarsa ba. Ai ta yi shekara da shekaru tana koya wa yara waƙoƙin makaranta. Ga waƙar daka, ga ta niƙa. A ɗora a kansu."

Haka aka yi. Ta Durun ta zauna a gabana tana buga tafin hannuna na hagu da yatsa, tana rera ba ni ruwa da muryar waƙar da nake sa 'yan aji ɗaya su yi in za su shiga aji, ni kuma in bi ta. Ranar da ba ni ruwa ta fita daga bakina, ruwan da aka kawo mini ya ishi wanka, kowa ya rugo da kofinsa. Sai dai yarinyar nan ta kafa doka, duk wanda zai yi mini magana sai ya rera, don kunnena ya saba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Malam, mutumin da ko a bikinmu ba a ji ya rera ko baiti ɗaya ba, shi ne zai tsaya a bakin ƙofa da safe ya duba hagu da dama, ya tabbata ɗalibansa ba sa kusa, sannan ya rera mini ina kwana da wata murya da ba ta hawa ba ta sauka. Dariyar da nake yi masa ma ta taimaka wajen miƙe mini baki.

Kafin a gama girbi na fara haɗa kalma biyu, uku, waƙar na raguwa, maganar na ƙaruwa. Ta Durun ta samu ɗaki a wani ƙaramin asibiti a Kabo, aka kafa mata sola, aka fara kawo tsofaffi masu irin ciwona daga Gammo da Durun da ƙauyukan Gwarzo. Ran kasuwa ɗakin nan kamar gidan biki, tsofaffi a jere da hulunan roba, kowa na rera buƙatarsa. Lokaci lokaci akan kai mu Kano a sa mu cikin wani babban inji mai ƙara kamar na niƙa, ya ɗauki hoton hanyoyin cikin kai. Ta Durun ta nuna mini nawa na farko da na baya. Inda a da ba komai sai duhu, wani ɗan zare ya fito yana haɗa ɓangaren dama da na hagu.

To a nan matsala ta ɓullo. Don a tabbatar magana ta dawo da gaske, akwai gwajin da ake yi mana, irin wanda ake yi wa masu wannan ciwo a ko'ina a duniya. A nuna maka hoton abu ka faɗi sunansa, sannan a nuna maka hotunan iyalinka ɗaya bayan ɗaya ka kira kowa da sunansa na yanka. Mu tsofaffin mata mukan ci na tukunya da na akuya, mu ci na ƙananan 'ya'ya, amma da an zo kan maigida ko ɗan fari sai mu sunkuyar da kai. Ma'aikatan, yaran birni ne, sai su rubuta an kasa. Ta Durun ta san dalili sarai, ta kuma gaya wa manyan da ke sa ido a kan aikin, cikinsu har da wata tsohuwar Baturiya, Farfesar da ta koyar da ita. Farfesa ba ta ƙaryata ta ba, amma ta ce ba a canza mudu ana tsakiyar awo, balle ga mahaifiyar mai aikin a cikin waɗanda ake aunawa. Ita na'urar abin da take nunawa shi ne an ga hoton, an gane mai shi, saƙo ya taso, amma bai fita ba. Ko hanyar ce a yanke, ko mai ita ce ta riƙe, ba wanda ya sani. In aka bar sakamakon yadda yake, za a ce dabarar ba ta kai ba, a rufe ɗakin Kabo. Farfesa ta ce za ta zo da kanta, in aka samu ko da mutum ɗaya da ta saba yin shiru a wurin ta faɗi sunan da hular a kanta, za a sake duba na kowa.

Ta Durun ta bi tsofaffin nan ɗaya bayan ɗaya tana roƙo, kowace ta ce gara bakin ya sake rufewa. Ni ba ta tambaye ni ba, ko da wasa. Sai dai na ga ta rame, tana yini a gaban kwamfuta. Malam ne ya shigo da hantsi wata rana, ya zauna a bakin gado, ya kwashe labarin duka ya gaya mini, maganar da ta fi tsawo da na taɓa ji daga gare shi.

"Ni dai ban ce ki yi ba, ban ce kada ki yi ba. A addini ba laifi, sunan da aka yanka wa rago ne. Amma kunyar taku ce, ta gidanku, ba zan shiga ba."

Yaya Tabawa na tsakar gida tana sheƙar dawa, ashe kunnenta na ɗaki. Ta faɗo da faifai a hannu.

"Kada ki soma. Innarmu ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ban mutu ba. Kakarmu haka. Sai ke, don Baturiya za ta zo? In kika yi, da wane ido za ki shiga Durun?"

Ina da amsa mai tsawo, amma a lokacin kalmomi kaɗan kaɗan nake samu, kamar mai tsintar gyaɗa bayan an yi roro. Na ce mata, "Yaya, ki bari." Ba ta bari ba, ta yi ta yi har la'asar.

Ban yi saurin yanke shawara ba, kuma ba zan ce muku abin ya zo mini da sauƙi ba. Ni ban raina kunyar nan ba, har gobe ina ganin kyanta. Da ita aka raine ni, kuma ita ce hanyar da mahaifiyata ta nuna wa Yaya Tabawa cewa ta fi ƙarfin a kama sunanta a banza. Amma sai in tuna wani tsoho daga Gammo da ya fara kiran jikarsa bayan ya daɗe ba ya cewa komai, in tuna masu jiran layi da ba a kai kansu ba. Sai kuma in dubi yarinyar nan da ta maido mini da bakina, ta kuma ji nauyin ta roƙe ni kalma ɗaya da shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ban gaya wa kowa abin da na ƙudura ba. Sai dai in na shiga banɗaki, in gwada sunan a ɓoye in ji ko zai fita, domin harshena bai san hanyarsa ba ko lokacin da yake lafiya.

Ranar da Farfesa ta zo, ɗakin Kabo ya cika. Ita tana gefe da tabarau da wani ɗankwali da aka ɗaura mata a karkace. Malam na bakin ƙofa. Yaya Tabawa ta biyo mu ta zauna daf da ni, wai rakiya. Ta Durun ta sa mini hular ta koma bayan kwamfuta, wani ma'aikaci ya fara ɗaga hotuna. Tukunya, na ce tukunya. Akuya, na ce akuya, na ƙara da ɓarauniya, aka yi dariya. Aka zo kanku, na kira ku ɗaya bayan ɗaya. Sai ga hoton Ta Durun da rigar gama jami'a. Ma'aikacin ya saba, har ya fara sauke hoton zai ɗauko na gaba. Yaya Tabawa ta danne mini ƙafa. Ita kuwa mai hoton ta sunkuyar da kai kan kwamfutarta, tana jiran a wuce. Ban dubi hoton ba, ita na duba. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, na buɗe baki ba waƙa ba komai.

"Hajara."

Ba ta ɗago ba. Ta ji sunan nan daga bakin malamai da ɗalibai da Turawa, amma ba ta san shi da wannan muryar ba. Sai na sake, da irin muryar da nake kiran ɗalibi daga ƙarshen aji.

"Hajara, da ke nake."

Ta ɗago. Bakinta ya yi motsi ba abin da ya fito, masaniyar magana guda. Can ta ce:

"Na'am, Inna."

Ta bar kwamfutar tana gudu ita kaɗai, ta zo ta durƙusa ta kifa kanta a cinyata tana kuka, wayoyin hulata suka tsinke guda nawa ban sani ba. Farfesa ta cire tabarau tana share ido, Malam ya fita waje wai zai duba mota. Yaya Tabawa ta yafa mayafinta ta fice, ko sallama ba ta yi ba.

Abin ya ci mini abin da ya ci. Yayata ta yi watanni ba ta taka gidana ba, har salla ta wuce ba ta aiko mini da tuwo ba. A Durun aka yi ta zancena a gidajen suna, wai ciwon ya taɓa mini hankali. Yanzu mun shirya, amma har yau in ta so tsokanata sai ta ce ga mai bakin Turawa nan, kuma na san ba duka ne wasa ba.

Aikin kuwa bai rufe ba. Da suka sake duba abin da na'urar ta ɗauka a ranakun da na yi shiru, suka gwada da na ranar da na faɗa, sai Hajara ta gano cewa shirun mai riƙe magana da gangan daban yake da shirun wanda hanyarsa ta yanke. Akwai wani sashe a goshi da ke tashi ya tare maganar in mutum ne ya hana kansa. Da wannan aka koma kan sakamakon tsofaffin nan, aka ga ashe sun warke fiye da yadda aka rubuta, ba tare da ko ɗaya ta kira sunan mijinta ba. Aka gyara gwajin, yanzu sai an tambayi iyali sunayen da ba a kamawa kafin a ɗaga hoto. Hajara ta ce mini abokan aikinta a wasu ƙasashe masu irin al'adarmu sun ɗauki gyaran. Ni abin da na gani da idona shi ne, yau in ciwon nan ya kama wani a ƙauyukanmu, ba a jingina shi da bango a jira ikon Allah kawai. Sai ka ji an ce a kai shi Kabo wurin masu waƙa, ko a kira malamar Islamiyya da aka koya wa yadda ake bugun tafin hannu.

Na ɗauka sau ɗaya zan faɗi sunan nan in koma yadda nake, to ashe na ɓata yarinya. Yanzu ita ma Farfesa ce, da furfurarta da ɗalibanta. Amma in ta zo Garo ta zauna a tsakar gida, na ce Ta Durun miƙo mini buta, sai ta zama kurma. In ce Likita, shiru. In ce ke, sai ta kama duba waya. Kowa a gidan ya san abin da take jira, har Malam yakan rage tafiya in zai wuce. Ni kuwa in bar ta ta ɗan jira, don kada ta saba da samu a arha. Sannan in kira ta, kuma kafin in rufe baki ta amsa.